Shaida a Kan Ƙafar Saloma

Ranar da Joel ya tsaya gaban ikilisiya ya ce mahaifiyarsa ta warke, bai yi niyyar ƙarya ba. Wannan kam sai a ba shi gaskiyarsa. Mama Saloma ta daɗe tana fama da ciwo a ƙugunta na hagu, ciwon da yake tashi daga cikin ƙashi ya gangara cinya ya je ya ƙulle a gwiwa. Sai aka yi taron farkawa a cocinsu da ke cikin garin Zuru, baƙon mai wa'azi ya ɗora mata hannu, ta koma gida ta yi barcin da ta manta daɗinsa. Da gari ya waye ta share tsakar gida da kanta. A makon nan har kasuwa ta leƙa. To da Lahadi ta zo, Joel, babban ɗanta, malamin firamare kuma shugaban mawaƙan coci, ya karɓi makirufo ya ce a yabi Ubangiji, ya ba da shaida hawaye na zubo masa. Aka jawo tsohuwa gaba, makaɗa suka saki ganga, ta taka rawa irin ta ƙuruciyarta a ƙauyensu na kan dutse. Matasa suka ɗauka a waya. Kafin yamma bidiyon ya kai barikokin soja na nesa, duk inda ɗan Zuru yake aiki.

Bidiyon bai gama zagaya wayoyin mutane ba ciwon ya dawo, kuma ya dawo da ƙarfin da bai taɓa zuwa da shi ba.

Ta bari sai da safe, Joel yana goge takalmi a bakin ƙofa zai tafi makaranta, sannan ta kira shi.

"Joel, abin ga ya dawo. Ka kai ni asibiti su ɗauki hoton ƙashin, mu san mi ke cikinshi."

Ya waiwaya ya dubi katanga kamar maƙwabta na leƙe. "Mama, rage murya."

"Muryata ce ta dame ka, ba ƙafata ba?"

"Ba haka ba ne. Shaiɗan ne shina gwada bangaskiyarmu. Wanda ya karɓi warkarwa sai ya riƙe ta da ƙarfi." Ya matso ya durƙusa a gabanta. "Mama, rabin masu fararen kaya a asibitin can 'yan cocinmu ne. In sunka gan ki kan benci kina jiran kati, mi za ni ce musu? In ce Ubangiji ya fasa?"

"Ka ce uwarka tana jin ciwo."

"Ki ba ni lokaci kaɗan. Za mu yi na gida."

Abin da bai faɗa ba, amma kowa a gidan ya sani, shi ne sunansa na cikin waɗanda za a naɗa dattawan ikilisiya kafin Kirsimeti, kuma shaidar nan ce ta ɗaga shi sama da sauran.

Na gida kuwa an yi shi, ba za a ce ba a yi ba. Glory, matar Joel, mace ce mai zafin nama, ba ta san ƙiwa ba. Kullum safiya sai ta tafasa ruwa ta tsoma tawul ta gasa ƙugun, har fatar wurin ta yi duhu. Ta daka citta da tafarnuwa ta kwaɓa da man kaɗe ta murza. Ta dafa ganyen dogonyaro ta ba ta, mai ɗacin da yake kwana a maƙogwaro. Aka shafa man zaitun da aka yi wa addu'a. Har wanzami aka shigo da shi ta ƙofar baya, ya yi tsaga ya kafa ƙaho, ya nuna musu baƙin jini ya ce ga ciwon nan ya fita. Saloma ta dubi jinin, tana jin ciwon zaune a inda yake, ko gezau bai yi ba. Gashin yana ɗan taimakawa, murzar ma tana ɗan taimakawa, amma taimakon ba ya wuce lokacin da ruwan zai huce.

Sai nishi ya fara. Saloma ba raguwar mace ba ce, ta haihu a gona ta koma gida da ƙafarta, amma wannan nishin ba ya neman izininta. Yana fitowa ne daga can ƙasan ciki, dogo, mai kauri, ya tsallake katanga. Glory ta riƙa ƙure rediyo. Wata rana maƙwabciya ta tambaya ta kan katanga ko lafiya, Glory ta ce akuyarsu ce take naƙuda. Saloma tana kwance a ɗaki tana ji.

Bayan wannan ne kunun ya canja.

Kunun gyaɗa ne dai irin wanda ta saba sha da hantsi, amma ya ƙara maiƙo, an cika masa tsamiya da sukari, kuma a ƙarƙashin zaƙin akwai wani bauri kamar na ɗanyen ganye. Ta tambaya, Glory ta ce sabuwar gyaɗa ce daga Dabai. Ta shanye. Rana ba ta kai tsaka ba ta ji wani abu ya sauka a jikinta a hankali. Ciwon bai tafi ba. Ya dai ja gefe ya zauna yana kallonta, kamar baƙon da aka ce ya jira a zaure. Ta ga ƙudaje suna tashi sannu-sannu. Ta ji kukan kaza ya yi tsawo har ya ba ta dariya. Ta yi ta dariya ita kaɗai, ta ci tuwo malmala biyu, ta yi barci baki buɗe.

Joel da ya dawo ya tsaya a kanta ya ɗaga hannuwa sama. "Ba na faɗa ba? Ubangiji ba shi yin aiki rabi."

Da farko ita ma ta gode wa Allah. Wa zai ƙi sauƙi? Amma sauƙin ya zo da baƙo. Da la'asar, in rana ta karkata inuwar mangwaro ta kai bakin ƙofarta, sai ta fara jin wari. Ta san warin nan, ta san shi sarai. Warin rigar mijinta ne, Saje Mika, wanda ya dawo daga yaƙin wata ƙasa da gutsuren ƙarfe a baya da tabar wiwi a aljihu, ya ƙare kwanakinsa a gindin mangwaron nan yana hira da abokansa da suka mutu. Ya daɗe a kabari. Ga shi yanzu warinsa yana cikin ɗakinta, a kan harshenta, a cikin guminta.

Ba a jima ba ta fara ganinsa. Yana zaune a kan turmin da aka kife a tsakar gida, da koren rigarsa, hula a gwiwa, idanu jajur. Ba ya tsorata ta da komai. Kallonta kawai yake yi, wani lokaci ya nuna ƙugunsa da yatsa kamar mai tambayar nan ne yake mata ciwo. Zuciyarta sai ta riƙa bugawa kamar za ta fasa ƙirji. Ta rufe ido ta karanta addu'ar Ubangiji, ta ɓace a tsakiya, ta sake farawa, ta sake ɓacewa. Mace da ta yi shekaru tana koya wa yara addu'ar nan a makarantar Lahadi! Ta yanke a ranta cewa mutuwa ce ta aiko Mika ya yi mata rakiya, kuma ta ji tsoro ƙwarai.

Ran Lahadi kuwa kunun yakan fi na kullum kauri. A ɗaura mata zane mai kyau, a sa ta a keke napep, a sauke ta daidai ƙofar coci don kada a ga ɗingishi mai tsawo. Joel ya riƙe ta ta nan, Glory ta riƙe ta ta can, kamar masu girmama uwa. Ta zauna a bencin gaba tana murmushin da ba ta san dalilinsa ba. Idanunta sun yi ja, mutane suka ce kukan murna take yi. Bayan sujada mata sukan kawo mata yaransu marasa lafiya ta taɓa su. Wani tsoho mai ciwon baya ya zo tun daga Dirin Daji don ya gan ta da idonsa. Ya kama hannunta ya ce, "Ke ce ta cikin waya?" Ta so ta ce masa ya je asibiti, amma maganar ta narke a bakinta kafin ta fito, sai dariya ta biyo baya. Tsohon ya tafi yana murna.

Mutum ɗaya ce ta ɗan tsargu, Keziah, ƙawarta tun suna amare a bariki, wadda suke zama benci ɗaya a zumuntar mata. Ta zo gaishe ta wata Laraba da ƙullin daddawa a hannu. Glory ta shimfiɗa mata tabarma ta zauna kusa tana tsince shinkafa, ba ta da niyyar tashi.

"Maman Joel, yaya ƙarfin jiki?"

Saloma ta tattara hankalinta kamar mai tsince gero a cikin yashi. "Keziah, ƙafar ga... ba ta..." Sai ta hango shi a kan turmi. "Mika shina nan. Kullum shina zuwa. Kin gan shi? Ko wanka bai yi ba." Ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta.

Keziah ta dubi turmin, ta dubi Glory.

"Tun da ta warke take ganin wahayi, Mama," in ji Glory, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Maigidana ya ce haka Ruhu kan yi da wanda ya taɓa."

Keziah ta ce Allah ya ƙara alheri, ta yi addu'a gajeriya, ta tafi. Saloma ta bi bayanta da kallo tana jin kamar an rufe ta a rijiya, tana ihu a ƙasa, na sama suna jin waƙa.

Gaskiyar ta bayyana ne wata safiya da ta farka kafin a kawo kunu, kanta a sake, ciwon a tsaye. Ƙishirwa ta dame ta, ta kira ba a amsa ba. Ta jawo taɓarya ta dogara, ta ja jiki a hankali har ƙofar madafi. Glory tana tsugune gaban murhu, ta warware wani ƙullin takarda tana marmasa busasshen ganye a cikin tukunya. Warin ya bugi Saloma a fuska. Ta tsaya tana kallon hannun surukarta, hannun da yake gasa mata ƙugu kullum safiya, sai duk abin ya haɗu a kanta lokaci guda. Ashe ba mamaci ne yake shigo mata da warin ba. A kofi ake miƙo mata shi, har ta ce an gode.

Ba ta yi wa Glory magana ba. Ta jira ɗanta.

"Joel, wiwi kuke ba ni."

Ya ajiye jakarsa a hankali. Bai musa ba, kuma wannan ya fi yi mata zafi. Da ma yana da amsoshinsa a shirye, ya jera su tun tuni.

"Mama, ganye ne. Wa ya halicce shi in ba Allah ba? Kuma ba busawa kike ba, ba hayaƙi, ba zunubi. Wani abokina da ya bar soja ya ce har likitocin Turai na ba masu ciwo."

"Likita ne ya ba ni?"

"Ba ki barci yanzu? Ba ki cin abinci? Da kina kwana kina nishi, yara ba su iya karatu."

"Ka manta yadda ubanka ya ƙare? Kai ne kake ɗauko shi daga gindin itacen can kana kuka."

"Baba ya sha don nishaɗi. Ke magani ne."

"Shi ma magani ya ce, da ƙarfen bayanshi." Ta dafe ƙugunta. "Joel, da ka zo ka ce, Mama ga wani ganye shina rage zafi, ki daure ki sha mu tafi asibiti, wataƙila da na toshe hanci na sha. Ciwon ga ya kai a sha komi. Amma kun bar ni ina zaton na haukace. Kun bar ni ina sallama da duniya, ina ganin matacce a tsakar gidana. Ni da ko burkutu ban kurɓa ba tun da anka yi mini baftisma, kun ɗauke ni a buge kun kai ni gaban bagade."

Joel ya sunkuyar da kai. Ta ga kunnuwansa suna motsi kamar yadda suke yi tun yana yaro in an kama shi da laifi, har zuciyarta ta fara sanyi. Sai ya ɗago.

"Ki bari naɗin ga ya wuce. Saura kaɗan. Ni da kaina za ni kai ki Sakkwato, inda ba wanda ya san mu. Mama, ba don ni kaɗai ba ne. Mutane nawa sunka tuba saboda shaidarki? In kinka fasa ta, bangaskiyarsu kinka fasa."

Haka dai. Mutum in yana son ya danne na ƙasa da shi, ba ya rasa babban suna da zai jingina da shi.

Ta daina shan kunu. Aka koma sa mata a miyar kuka, ta gane, ta ture kwanon. Ta ce ba za ta ci komai ba sai dafaffen dankali da ɓawonsa, wanda za ta ɓare da hannunta. Kanta ya washe, Mika ya daina zuwa, addu'arta ta dawo daidai. Amma ciwon da aka daɗe ana tsare da shi a zaure ya shigo ɗaki gaba ɗaya. Ta ciji matashi har ya yage. Ta roƙi a kira mata Keziah, aka ce Keziah ta yi tafiya. Ta roƙi waya ta kira 'yarta da ke aure a barikin Kaduna, aka ce ba caji. Wannan Lahadin aka ce wa ikilisiya Mama tana azumi da addu'a a ɗaki. Glory ta ci gaba da gashi da murza, tana yi tana hawaye, tana cewa, "Mama, don Allah ki sha ki huta, ni ma in huta." Ita ma ta gaji, gaskiya ne. Amma ko sau ɗaya ba ta ce bari ta tare keke napep ba.

Abin da ya fi komai ciwo a labarin nan ya faru ne da tsakar rana, rana tsaka, gida shiru. Saloma ta kai inda ba ta iya bambance ƙugunta da sauran jikinta, ko'ina wuta. Ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Glory. Kawo kunun."

Ta sha tana kuka, ta lashe kofin. Da yamma ta ji Glory tana gaya wa mijinta a tsakar gida, da murya mai sauƙi kamar an sauke mata kaya, "Da bakinta ta roƙa." Joel ya ce, "To ka gani. Wa ya tilasta mata?" Daga ranar ba su ƙara ɓoyewa ba, a gabanta ake marmasawa. Mika ya dawo kan turminsa. Ta daina tsoronsa ma, don duk gidan shi kaɗai ne yake tambayar inda yake mata ciwo.

Wata safiya cikin watan Kirsimeti, kunu ya gama ratsa ta, ta ji kamar jikinta ba nauyi. Ta ga kaji sun hau dawar da aka shanya, ta manta da taɓarya, ta tashi ta taka da ƙafar hagu da dukkan ƙarfinta za ta kore su. Ƙarar da ta fito kamar an karya busasshen kara ce. Ta faɗi a kan dawar. Glory da ta fito a guje ta tarar da ita kwance, ƙafa ta juya inda ƙafa ba ta juyawa, tana ƙyalƙyala dariya.

Yanzu kam dole a je asibiti, amma ko a nan sai da Joel ya yi lissafinsa. Bai kai ta babban asibiti ba. Ya samo motar wani baƙo, aka kwantar da ita a baya aka rufe da zane, aka kai ta wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a bakin gari, inda ma'aikatan ba 'yan cocinsu ba ne. A coci kuma aka sanar cewa Mama ta tafi Kaduna ganin jikoki.

Likitan ya ɗaga hoton ƙashin ya daɗe yana kallo. Ya ce wannan ba faɗuwa ce ta karya shi ba, wata cuta ce ta daɗe tana cinsa ta ciki har ya zama kamar icen da gara ta shiga. Ya tambayi tun yaushe take kuka da shi. Joel ya ce bai daɗe ba. Saloma ta ce, "Tun kafin shuka." Likitan ya dubi Joel, ya juya gare ta ya ce da an zo a lokacin da akwai abubuwa da yawa da za a iya yi, yanzu sun ragu, kuma ragowar ma sai a Sakkwato, a tafi yau in da hali.

"Litinin," in ji Joel. "Ran Lahadi muna da wani muhimmin abu."

Aka bar ta a gadon ƙarshe kusa da taga, a ɗakin mata. Nan ba a yarda da kunun gida ba, allura ake mata. Kanta ya dawo nata tas, irin yadda ta daɗe ba ta ji shi ba. Ta kwanta tana kallon silin tana tuna fuskar tsohon nan na Dirin Daji, tana tambayar kanta ko yana raye.

Ran Asabar da la'asar Glory ta tafi gida ɗauko abinci. Saloma tana ita kaɗai sai ta ji sautin tulun kiɗa daga nesa, bum, bum, da kacau-kacau, da muryoyin mata. Ta san waƙar, ta san muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Abin da Joel ya manta a lissafinsa ke nan: duk shekara kafin Kirsimeti zumuntar mata takan zaga asibitocin gari, babba da ƙarami, su raba sabulu su yi wa marasa lafiya addu'a. Ita kanta ta sha jan wannan tawaga.

Zuciyarta ta buga. Ba sai ta yi ihu ba, ba sai ta tashi ba. Ta kwanta kawai yadda take, fuska a buɗe, su shigo su gan ta. Shi ke nan. Keziah za ta kama hannunta, za a kira 'yarta, kafin dare mota ta kama hanyar Sakkwato. Abin da ta yi wata da watanni tana roƙo ga shi yana tahowa da ƙafarsa, yana waƙa.

Suka tsaya a baranda suna jiran a ba su izinin shiga, waƙa ta tsaya, hira ta tashi. Taga a buɗe take.

"Gobe in anka naɗa Joel, sai mun yi rawa har ƙasa."

"Yaron kirki. Ka ga wanda ya riƙe uwa da addu'a."

"Ƙanwata mai ciwon nono ma ta bar zuwa asibiti, ta ce Allahn Maman Joel shina nan."

Saloma ta ji wannan, ta ji shi har cikin ƙashin da ya karye. Ta buɗe baki. Sai ta ga Joel a idon zuciyarta, gobe, tsaye gaban ikilisiya, ana nuna shi da yatsa, yaran makarantarsa suna masa waƙar maƙaryaci a hanya, garin da ya haife shi ya yi masa ƙanƙanta. Ta san ya cancanci haka. Ta san akwai wata mace a wani gida da ciwo yake ci saboda ita. Duk ta sani, kanta a washe yake, ba ganye a jininta da za ta ɗora wa laifi. Amma ita ta goya shi a bayanta ta hau dutse da shi.

Da aka tura ƙofa, hannunta ya riga ya kai ga zanen. Ta ja shi ta rufe fuskarta har ka.

Suka bi gado-gado. Tana jin takunsu yana matsowa, da ƙamshin sabulu, da ƙarar sabon zanen anko. Suka tsaya a kanta. Wata ta ce baiwar Allah tana barci, a yi mata addu'a a hankali. Wani hannu ya sauka a kan ƙafarta mai lafiya, wadda zanen bai rufe ba, ya tsaya a nan. Hannun ya daɗe. Babban yatsa ya shafa duddugen a hankali, kamar mai son tabbatarwa. Mutum ba ya zama benci ɗaya da mace tun suna amare ya kasa gane ƙafarta.

"Maman Joel?" Muryar Keziah ce, ƙasa-ƙasa, yadda ba mai ji sai su biyu.

Saloma ta danne numfashinta. Zanen ya jiƙe a kan idanunta.

Keziah ta jira. Da ta ɗaga zanen nan da yatsa biyu, da magana ta ƙare. Amma ita ma ta yi rawa a ranar shaidar, ita ma ta tura bidiyon ga 'ya'yanta, ita ma tana da ciwon da take fatan wata rana a ɗora mata hannu ya tafi. Hannun ya janye a hankali.

Wannan shi ne abin da aka yi wa Mama Saloma a gidan ɗanta, a tsakiyar mutanen da suke ƙaunarta. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya zage ta, ba wanda ya hana ta tuwo. An gasa mata ƙugu, an shafa mata mai, an yi mata addu'a safe da yamma. An dai hana ta ta ce tana jin ciwo, aka yi ta hanawa har ta koyi hana kanta, har ba a bukatar kowa ya tsaya gadinta.

Keziah ta ajiye sabulu ɗaya a gefen matashin, ta jawo bakin zanen ta rufe ƙafar da ta fito, ta ce, "Allah shi ba ki lafiya, baiwar Allah." Mai tulu ta buga, suka ɗauki waƙa, suka wuce ɗakin maza.